Haƙoran roba, gada ko dashe: wanne ya dace da giɓin bakinka?

Shekara huɗu na yi da giɓi a bakina ban damu ba, saboda can ciki yake, turmin ƙasa na ɓangaren hagu, ko dariya na yi ba mai gani. Ranar da aka cire shi ma hamdala na dinga yi, don kwana uku na yi ban runtsa ba, na tauna kanumfari, na shafa man zafi ta waje, har wani maƙocinmu ya kawo shawarar ruwan batir, Allah dai ya tsare ban sa ba. Na je wani ɗan wuri a bakin titi, mutumin ko hoto bai ɗauka ba, leƙawa kawai ya yi ya ce "wannan ai sai cirewa", ni kuma a halin da nake ciki ba abin da nake so illa zafin ya tsaya.

Abin da ba wanda ya gaya min shi ne haƙora ba a kafe suke kamar bulo a jikin gini ba, motsi suke a hankali, kowanne maƙocinsa ne yake tokare shi, na sama kuma na ƙasa ne yake tare shi. Da aka ɗauke ɗaya sai na bayansa ya fara kwantowa cikin filin, na sama da ya rasa abokin karo ya dinga saukowa, ni dai abin da na gani nama ya fara maƙale min a wajen, kullum ina fama da tsinken sakace, taunata gaba ɗaya ta koma dama, daga baya muƙamuƙina ya fara ƙas-ƙas in na yi hamma. Da na je wajen likitar haƙori ta gaske, ta ɗauki hoto ta juyo min da kwamfutar ta ce "Malam kalli nan, ka ga wannan ya kishingiɗa, wannan ya sauko, ga ƙashin wajen kuma ya rame." Wallahi sai da jikina ya yi sanyi. Ashe ƙashin muƙamuƙi tauna ce take riƙe da shi, in ba saiwa a ciki sai ya dinga zaizayewa, kuma yawancin zaizayar a watanni shidan farko take faruwa, kafin shekara ta zagayo faɗin wajen yana iya raguwa kusan rabi.

Toh yanzu a gidanmu mu uku ne muke da haƙorin da ba na haihuwa ba, kuma kowa da irin nasa. Hajiyarmu na roba ne mai cirewa, yayana gada aka yi masa, wato birij, ni kuma dashe, wato ƙarfen da ake kafawa a ƙashi ya zama saiwar sabon haƙori. Shi ya sa in aka tambaye ni wanne ya fi ba na iya amsawa da kalma ɗaya, na ga daɗin kowanne na ga wahalarsa a kusa.

Amma kafin nan, dan Allah in haƙorin yana bakinka har yanzu kar ka yi gaggawar da na yi. Tambayi likita ko za a iya kashe jijiyar, abin da suke ce wa rut kanal. Ana buɗe haƙorin ta sama a cire jijiyar da ta ruɓe, a wanke ramukan saiwar, turmi yakan yi uku ko huɗu, a cike su da wata irin roba, sannan a rufe a sa masa hula don kar ya tsage. Zuwa ɗaya ne ko biyu, wani lokacin uku. A ranar kam ya fi cirewa tsada nesa ba kusa ba, shi ya sa mutane suke gudunsa, amma ka haɗa kuɗin cirewa da na maye gurbi ka gani. Kuma akwai abin da haƙorinka yake da shi wanda ba a sayarwa, wasu siraran zaruruwa ne tsakanin saiwa da ƙashi, su ne suke sa ka ji ɗan tsakuwa a cikin shinkafa ka tsaya kafin ka datse. Dashe komai tsadarsa ba shi da su. Inda ba makawa sai cirewa shi ne in saiwar ta tsage, ko ruɓewar ta nutse can ƙasan dasashi, ko ciwon dasashi ya cinye ƙashin har haƙorin yana girgiɗi sosai. Iyaye kuma a lura, wannan turmin da na rasa tun yaro yana wajen shekara 6 yake fitowa a bayan haƙoran nono, ba ya famfara, na dindindin ne, da yawa ana barinsa ya ruɓe da tunanin ai wani zai fito.

Maganar zafi kuwa, wadda ita ce take hana rabin mutane zuwa, gaskiya an wuce wajen. Allurar da aka fi yi, lidoken, tun 1943 aka haɗa ta a Suwidin, kuma in likita mai kula ne sai ya fara shafa maka wani ɗan mai a dasashi ya kashe fatar kafin allurar ta shiga. Bayan 'yan mintuna leɓenka zai yi nauyi kamar ba naka ba, za ka ji ana dannawa ana ja amma ba zafi, in ka ji zafi ɗaga hannu a ƙara, ba jarumta ba ce ka yi shiru. Haƙorin da ya riga ya kumbura ya tara mugunya shi ne yake wuyar mutuwa da allura, wannan ma dalili ne na zuwa da wuri. Zancen wai cire haƙorin sama yana taɓa ido ba shi da tushe. Abin da yake da tushe shi ne ka faɗa wa likita in kana da hawan jini, ko suga, ko sikila, ko kina da juna biyu, ko kana shan maganin tsinka jini, tun kafin ya ɗauko komai.

Mu fara da na roba tunda shi aka fi sani kuma shi ne aljihun yawancinmu zai iya. Ana ɗaukar awon bakinka da wani abu kamar ƙullu a cikin ɗan faranti, a kai wa mai haɗawa, cikin sati ɗaya zuwa uku ka samu, ba tiyata, ba a taɓa ƙashi, kuma in wani haƙorin ya sake fita ana iya ƙara shi a jikin farantin. Iri-iri ne. Akwai na roba zalla mai kalar dasashi, shi ne mafi araha, amma yana da kauri kuma a kan dasashi yake zaune, duk tauna nan take sauka. Akwai mai ƙashin ƙarfe, kobal da kurom, ya fi siranta, yana da 'yan ƙugiyoyi da suke kama sauran haƙora su raba nauyin, ya fi daɗin zama a baki kuma ya fi ƙarko, kuɗinsa ya ɗara. Sai mai lanƙwasa irin Valplast, ba ƙarfen da za a gani in ka yi murmushi, mata sun fi sonsa, sai dai in ya saki ko ya lalace gyaransa da wuya.

Hajiya tata duka ne, sama da ƙasa, ciwon dasashi da suga suka zubar mata da su ɗaya bayan ɗaya. Na saman bai taɓa ba ta matsala ba, don yana manne da ganda kamar yadda kofi yake kama faranti mai laima, amma na ƙasan nan ya wahalar da ita, ba inda zai kama, harshe yana ture shi ta ciki kumatu ta waje, ga ƙashin ya riga ya kwanta. Ranar wani biki na lura da ita, an kawo naman kaza kowa yana ci, ita sai ta ɗan juya baya ta cire na ƙasan ta ƙulle a bakin mayafi, ta tsoma burodi a romo, ta ce wai ba ta jin yunwa. Abin ya tsaya min a rai. Mace ce mai son nama, amma ta koma daga tuwo sai kunu sai fate, kuma mai suga ce, ka ga abincin da ya rage mata shi ne wanda aka ce ta rage. Ƙarfin taunar mai cikakken haƙoran roba bai kai rabin na mai haƙoransa ba, wannan ba laifin mai haɗawa ba ne, haka abin yake.

Mun koma da ita aka yi wa farantin ciko ta ciki ya sake kama dasashin, ta samu sauƙi sosai, a nan na gane ashe na roba ba a yi sau ɗaya a manta, ƙashi yana ci gaba da raguwa a ƙarƙashinsa, farantin kuma yana nan yadda yake, dole lokaci-lokaci a gyara, bayan wasu shekaru a sake sabo. Likitar ta ce mata "Mama, in za ki kwanta ki cire ki wanke ki sa a ruwa, dasashin ma yana son hutu", don kwana da shi yana kawo jan ganda da ƙuraje. Kuma ba a wanke shi da ruwan zafi, lanƙwashewa yake, ba a dirje shi da makilin mai gari-gari ko toka ko gawayi, karce shi suke datti ya samu wajen zama, sabulu mara ƙarfi da buroshi mai laushi sun isa. Satin farko kam sai haƙuri, yawu zai yi yawa, harafin "s" zai dinga fita wani iri, in ya ci maka dasashi kar ka ɗauko reza ka kankare da kanka, koma a rage maka.

Yayana shi hatsarin acaɓa ne, haƙorin gaba ɗaya ya fita ɗungurungum, biyun da ke gefensa kuma suka ɓantare. Ga irinsa gada ta dace ƙwarai. Yadda ake yi, ana rage haƙoran gefe biyun ta kowane ɓangare su zama kamar 'yan turaku, sai a haɗa haƙora uku a jere, na tsakiya shi ne cikon giɓin, na gefe kuma huluna ne da za su hau turakun, a manne da siminti, shikenan ba cirewa. Tunda nasa na gefen dama sun lalace suna buƙatar hula, ka ga an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Cikin sati biyu ya gama, ya koma kasuwa yana magana da kwastomomi ba tare da ya rufe baki da hannu ba. Akwai mai ƙarfe a ciki tangaran a waje, shi ne na da, yana da ƙarfi amma bayan shekaru in dasashi ya ja baya sai ka ga wani baƙin layi a gindin, akwai kuma zakoniya, fari ne har ciki, ya fi kyau a gaba ya fi tsada. Wasu manyan asibitocin kuɗi ba sa ma sa maka ƙullun awo, kyamara suke zagayawa da ita a baki, na'ura ta sassaƙo hular, tsarin CEREC da aka fara a Zurik ta Suwizalan a 1985 yana iya gama hula ɗaya a yini guda.

Matsalar gada ita ce in haƙoran gefen lafiyarsu ƙalau, kana yanka lafiyayyu biyu ne saboda guda ɗaya da ya tafi, kuma abin da aka zaftare ba ya dawowa. Wani lokacin jijiyar ɗayansu takan mutu daga baya. Sannan siminti ba ya ruɓewa amma haƙorin da ke ƙarƙashin hular yana ruɓewa ta bakin dasashi, a ɓoye, ba ka sani ba sai ranar da gadar ta fara wari ko ta girgiɗa, in turke ɗaya ya tafi duk gadar ta tafi, giɓin ɗaya ya koma biyu. Zaren sakace ba ya shiga ta sama tunda a haɗe suke, sai an zura shi ta ƙasa ko a sa ɗan siririn buroshin nan na tsakanin haƙora, asuwaki kaɗai ba zai kai wajen ba. Ƙashin da ke ƙarƙashin na tsakiyan kuma yana ci gaba da ramewa tunda ba saiwa. Mai kula yakan ci shekara goma da ita har ya wuce. Akwai wata 'yar gada mai fiffike da ake ce wa Merilan, ita ba a rage haƙori sosai, ana liƙa fiffiken ne a bayan na gefe, tana da kyau ga haƙorin gaba guda ɗaya musamman matasa, amma ba ta ɗaukar taunar turmi kuma takan ɓalle a sake mannawa.

Ni da farko gada na so, don sauri da sauƙin kuɗi. Likitar ce ta ce in duba, na gaban giɓin ko ɗigon ciko babu a jikinsa, na bayan kuma ya karkace, in za a rage shi ya miƙe da ɗan uwansa sai an ci shi sosai har kusa da jijiya. Na je gida na yi wata biyu ina lissafi kafin na yarda da dashe.

Shi dashe wani ƙaramin ƙarfe ne na taitaniyom mai tiredi kamar noti, ana ɗaura shi cikin ƙashi ya zama saiwa. Asalinsa wani likitan bincike ne a Suwidin, Per-Ingvar Brånemark, a 1952 ya sa taitaniyom a ƙashin ƙafar zomo don wani nazari daban, da ya zo cirewa sai ya tarar ƙashin ya kama ƙarfen gam ya ƙi saki. A 1965 ya dasa wa mutum na farko a Gotenbog, mutumin ya rayu da su sama da shekara 40 har ya rasu a 2006 suna bakinsa. Sai bayan wani taro a Toronto a 1982 sauran duniya ta karɓa. Na kawo wannan ne don masu cewa sabon abu ne ana gwaji da mu, a'a, ya daɗe, kuma in an yi shi daidai ga wanda ya dace sama da 90 cikin 100 suna kaiwa shekara goma lafiya.

Amma fa tafiya ce mai tsawo, kar wani ya ruɗe ka. Ni sai da aka sa min 'yar waya a ɓangaren na wasu watanni aka tayar da wanda ya kwanta, aka ɗan rage na saman da ya sauko, aka yi min sikanin mai nuna kaurin ƙashi da inda jijiyar leɓe ta bi, don a ƙasa ita ake tsoro, a sama ta baya kuma kogon iskan nan na gefen hanci. Aka ga ƙashina ya sirance sai an ƙara da garin ƙashi, duk wannan kuɗi ne da lokaci da giɓin shekara huɗu ya jawo min, da a watannin farko na zo da aikin bai kai haka ba. Ranar dashen kanta ba ta kai awa ɗaya ba, allurar nan dai ta kullum, ina jin ƙugin injin a cikin kaina da ruwan sanyi da ake fesawa, sai na ji wani ƙirit ƙirit ana ɗaurewa a hankali, aka ɗinke, wallahi cire haƙorin ya fi shi wahala. Kumatuna ya ɗan kumbura kwana uku, kunu da yogot na sha, bayan sati aka cire zaren. Sai jira, wata uku zuwa shida ƙashi yana kamawa, na ƙasa ya fi na sama sauri. Daga nan aka ɗaura ɗan wuyan da hular za ta hau, aka ɗau awo, aka sa hular. Ranar da na fara tauna ƙuli-ƙuli da hagu sai da na tsaya, shekara biyar rabona da jin abinci a wannan ɓangaren.

Daɗinsa shi ne bai taɓa maƙota ba, yana riƙe ƙashi, ba cirewa, ana wanke shi kamar sauran. Rashin daɗinsa kuɗi, don ya ninka na roba sau da yawa, ya fi gada, kuma kayan daga waje ake kawo su, dala tana motsi farashin yana motsi. Kuma ba kowa ake yi wa ba. Mai shan sigari ko shisha nasa ya fi saurin faɗuwa. Mai sugan da bai daidaita ba rauninsa ba ya warkewa da kyau. Mai ciwon dasashi sai an fara magance shi. Yaro ko matashin da muƙamuƙinsa bai gama girma ba ba a yi masa, sai ya kai wajen 18 ko sama, don sauran haƙoran za su ci gaba da tafiya da ƙashi shi kuma dashen ya tsaya a inda aka sa shi, a nan ne 'yar Merilan ko ɗan na roba suke riƙe wajen kafin lokaci. Masu shan wasu magungunan ƙarfafa ƙashi ko waɗanda aka yi wa gashin cutar daji a wajen muƙamuƙi su ma sai an yi taka-tsantsan sosai. Sannan masu cewa ai ƙarfe ne ba ya ruɓewa, gaskiya ne, amma dasashi da ƙashin da ke kewaye da shi suna ciwo in datti ya taru, kuma ciwon ba ya zafi da wuri, sai dai jini in kana goge baki, kafin ka farga ƙashin ya zaizaye. In ka san ba za ka iya goge baki safe da dare da komawa a duba ka ko sau ɗaya a shekara ba, kar ka zuba kuɗinka a nan.

Ga wanda ba shi da haƙori ko ɗaya akwai tsaka-tsaki da mutane ba su sani ba. Ba sai an dasa 32 ba. Ana dasa biyu kacal a gaban muƙamuƙin ƙasa, a sa wa farantin roban wasu 'yan maɓallai ta ciki, ya dinga shiga ƙas kamar botin ɗin riga, da dare a cire a wanke. Tun 2002 wani taron masana a jami'ar McGill ta Kanada ya ce wannan ya kamata ya zama zaɓin farko ga wanda ya rasa haƙoran ƙasa duka. Sama da shi akwai All-on-4 da likita Paulo Maló ya fito da shi a Lisbon ta Fotugal, dashe huɗu su ɗauki jerin haƙora gaba ɗaya a kafe, shi kam na masu hali ne kuma wankinsa ta ƙasa aiki ne.

Ko wanne ka zaɓa, akwai abin da nake roƙon kowa ya kula da shi, yadda haƙoran suke haɗuwa in ka rufe baki. Bayan an sa maka ciko ko hula ko gada za a ba ka wata 'yar takarda shuɗiya ka ciza, inda ya yi tsayi sai ya yi tabo a rage. Matsalar a lokacin bakinka a mace yake da allura, ba ka ji daidai. In ka je gida washegari ka ji wannan haƙorin yana riga sauran taɓawa, ko da kamar kaurin gashi ne, kar ka ce zai saba, koma, aikin minti biyar ne, in ka bari haƙorin zai fara tsami, muƙamuƙi ya gaji, tangaran ya iya fashewa. Ni kuma a nan aka gano ina cizon haƙora cikin barci, maiɗakina ta daɗe tana cewa ina ƙarar haƙori da dare, ga ciwon kai ta gefen kunne da asuba, ga kan haƙorana ya lafe. Aka yi min wata roba mai tauri daidai awon bakina ina kwana da ita, ba ta hana cizon amma ita take cin wahalar maimakon haƙoran, kuma mai dashe ya fi kowa buƙatarta tunda dashe ba shi da zaruruwan nan da za su ce masa ya isa. Na kemis da ake jiƙawa a ruwan zafi a ciza yana ɗan taimakawa na wucin gadi, amma laushinsa yakan sa wasu su ƙara tauna shi.

In karkacewar haƙoran ce da yawa, zaɓi biyu ne, waya ko robar nan mai garai-garai irin Invisalign da ta fito a Amurka a ƙarshen shekarun 1990. Waya tana manne, ba ruwanta da mantuwarka, ta fi iya aiki mai wuya kuma ta fi sauƙin kuɗi. Robar ba a ganinta, ana cirewa a ci abinci, amma sai ta yi awa 20 zuwa 22 a baki kullum, mai shan shayi sau biyar a rana da tauna goro ya yi wa kansa hisabi tukuna. Duka biyun in an gama sai ka dinga sa abin riƙewa da dare, in ba haka ba su koma gidan jiya. Wushirya kuwa ni a ganina a ƙyale ta, ado ce ba ciwo ba.

Haƙorin Makka ma bari in taɓa shi da girmamawa, don iyayenmu da yawa suna da shi kuma abin alfaharinsu ne. Shi hula ce ake sa wa lafiyayyen haƙori, yawanci cikin gaggawa, in bakinta bai zauna daf da dasashi ba abinci yana shiga ƙasa. Duk mai shi in ya ji wari ko jini ko tsami a wajen ya je a duba, ana iya cirewa a gyara a mayar ko a yi wani da ya zauna daidai.

Sai maganar ina za a yi. Masu tafiya Misira ko Turkiyya ko Indiya, akwai ƙwararru a can ba musu, amma dashe zuwa biyu ne aƙalla da watanni a tsakani, kuma in noti ya kwance bayan shekara a nan gida za ka nemi mai ɗaurewa. Kowane kamfani da irin makullinsa, Straumann daban, Nobel Biocare daban, Osstem na Koriya daban, saboda haka ko a ina aka yi maka ka karɓi takarda mai sunan kamfanin da girman abin da aka sa, ka adana ta kamar takardar fili. A gida kuma asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano yana da sashen haƙori, Jami'ar Bayero tana yaye likitocin haƙori, Shika a Zariya ma akwai, ko ba a nan za ka yi aikin ba ka je a duba ka ka ji ra'ayi na biyu, layi ne dai sai haƙuri. Wanda zai sa maka ƙarfe a ƙashi ka tabbata likita ne mai rajista da hukumar likitoci ta Najeriya, MDCN, kuma duk wanda ya ce zai dasa maka ba hoto ba sikanin, tashi ka ba shi wuri. Haka masu liƙa haƙorin roba da gam a jikin na gefe a kasuwa, abin yana toshe dasashi ya ruɓar da maƙotan, na ga wanda ya je cike giɓi ɗaya ya dawo da uku.

In ƙanina ne ya tambaye ni, ga abin da zan ce masa. Giɓi ɗaya, maƙota lafiyayyu, ƙashi da kauri, ba sigari, kuma kuɗin ba bashi za ka ci ba, yi dashe. Maƙotan dama sun sha ciko ko sun karye, ko ba ka son tiyata, ko kana son ka gama cikin wata ɗaya, gada ta fi maka kuma ba faɗuwa ba ce. Giɓi da yawa nan da can, ko sauran haƙoran ma ba tabbas, ko aljihu bai kai ba, yi na roba, in da hali mai ƙashin ƙarfe, da babu gara ba daɗi, kuma ko dashen kake tara wa kuɗi ka sa ɗan na roban ya tokare maƙota kafin nan, shi ne abin da ban yi ba. Turmin can na ƙarshe da ake ce wa haƙorin hankali shi kam in an cire ba a mayar da shi.

Hajiya yanzu maganar maɓallan nan biyu muke. An yi mata gwajin suga na wata uku ya fito sama da yadda ake so, likitar ta ce sai ya sauko tukuna, kuma sai sikanin ya nuna akwai sauran ƙashin da zai riƙe a gaban. Mu 'ya'yanta mun fara haɗa kuɗin kaɗan-kaɗan, ita kuma ta rage shayi mai suga da kanta ba wanda ya matsa mata. Da muna fitowa daga asibitin ta riƙe hannuna a bakin ƙofa ta ce in koma in tambayar mata likitar, in an sa ɗin za ta iya cin tsire ko sai dai dambu. Na koma na tambaya, ta ce tsire mai laushi in an yanka ƙanana za ta ci, kilishi ne dai ba ta yi alkawari ba.